Kalmar Motivation: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Kalmar *motivation* ta shiga bakin jama'a sosai a 'yan shekarun nan. Ɗalibi mai neman gurbin karatu a ƙasar waje an ce ya rubuto *motivation letter*, mai neman aiki an tsare shi da tambayar abin da ke zaburar da shi, a WhatsApp kuwa kowace safiyar Litinin sai wani ya turo hoton zaki ko gaggafa da 'yan kalmomin Turanci a ƙasa. Ga tambayoyin da masu koyon Turanci, ɗalibai da masu fassara suka fi yi a kanta.

Mece ce ma'anar *motivation*?

Kalmar suna ce, kuma manyan ma'anoni biyu take ɗauke da su. Ta farko ita ce dalilin da ya sa mutum ya yi wani abu, wato abin da ya ingiza shi. Ta biyu ita ce ƙarfin zuciyar da ke tayar da mutum ya kama aiki, ya kuma daure a kansa ko da ya fara jin jiki.

Idan Bature ya ce *What was his motivation for resigning?*, tambayarsa ita ce me ya sa mutumin ya ajiye aiki. Dalili yake nema. Idan kuwa ya ce *She has lost her motivation*, nufinsa gwiwarta ta yi sanyi, abin ya fita daga ranta. Yawancin kuskuren fassara daga nan yake tasowa: mutum ya haddace ma'ana ɗaya, ya riƙa cusa ta ko'ina ya ga kalmar.

Akwai ma'ana ta uku da aka fi gani a littattafan koyarwa da na tafiyar da ma'aikata, wato aikin zaburar da wasu. *The motivation of staff is the manager's duty* na nufin zaburar da ma'aikata haƙƙi ne da ya rataya a wuyan manaja.

Wace kalmar Hausa ce ta yi daidai da ita?

Babu guda ɗaya da za ta wadatar a kowane wuri, kuma wannan ba gazawar Hausa ba ce. Abin da Turanci ya dunƙule a kalma ɗaya, Hausa ta rarraba shi gida-gida, kowane gida da nasa suna.

In ana maganar dalili, sai a ce dalili, ko manufa, ko a juya jimlar gaba ɗaya a ce "abin da ya sa". In ana maganar ƙarfin da ke cikin mutum, akwai ƙwarin gwiwa, himma, azama, karsashi da kuzari. In kuma wani ne ke tayar da wani, akwai zaburarwa, ƙarfafa gwiwa, kwaɗaitarwa, ko a ce an ƙara masa ƙaimi.

Waɗannan ma ba ɗaya suke ba. Ƙwarin gwiwa ya haɗa da yarda da kai, shi ya sa wani lokaci ya fi kusa da *confidence*. Kuzari ya fi karkata ga jiki. Himma hali ce da ake sanin mutum da ita shekara da shekaru, shi kuwa karsashi yana zuwa yana tafiya, yau akwai gobe babu. Kwaɗaitarwa tana buƙatar a nuna wa mutum wata riba a gabansa, kamar yadda malamai ke kwaɗaitar da mutane kan ladan sadaka.

Kalmomi biyu ne ya kamata mai fassara ya yi hattara da su: zuga da tunzura. Su ma suna sa mutum ya motsa, amma galibi zuwa ga ɓarna ko faɗa. Wanda ya fassara *The teacher motivated the students* da "malamin ya zuga ɗalibai" ya kusa sa a kira malamin ofishin shugaban makaranta ya yi bayani.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Tushenta kalmar Latin ce, *movere*, wadda ke nufin motsawa ko motsar da abu. Daga wannan tushe Turanci ya samu *move*, *motion*, *motor*, *emotion*, *promote* da *motive*. Motar da muke hawa ma 'yar gidan ce, don daga *motor* Hausa ta aro ta. Kamar da ke tsakanin waɗannan kalmomi da kalmarmu ta motsi kuwa dace ne kawai, ba dangantaka ba.

*Motive* ta daɗe a Turanci, ta shigo ta hanyar Faransanci tun ƙarnoni da dama. *Motivate* da *motivation* sababbi ne idan aka kwatanta, don sai a ƙarni na 19 suka bayyana, masana halayyar ɗan Adam kuma suka yaɗa su a ƙarni na 20.

Yaya ake furta ta?

Gaɓa huɗu ce: mo-ti-vei-shan, kuma a kan ta uku ake danna murya. A *motivate* da *motive* kuwa gaɓar farko ce ke ɗaukar nauyin. Matsalar Bahaushe a nan ita ce harafin *v*, wanda babu shi a Hausa, sai ka ji an ce motibeshan ko motifeshan. Hanyar fitar da shi ita ce ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, ka saki iska tare da murya. In ka taɓa maƙogwaronka ka ji yana rawa, ka samu. In leɓɓanka biyu suka haɗu, *b* ka furta.

Yaya ake gina jimla da ita da 'yan uwanta?

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka bari a ɗan tsaya.

Bayan *motivation* ana iya kawo *to* da aikatau: *I have no motivation to study*, wato ba ni da karsashin karatu. Ana iya kawo *for* da suna ko aikatau mai ƙarewa da *-ing*: *her motivation for applying*, dalilinta na nema. Ana kuma cewa *the motivation behind the attack*, abin da ya haddasa harin. Abin da ba ya zama daidai shi ne *motivation of studying* idan ana nufin karsashin karatu.

Aikatau ɗin shi ne *motivate*, kuma sai da wanda aka yi wa: *My father motivated me to learn tailoring*, mahaifina ne ya ƙarfafa mini gwiwa na koyi ɗinki.

Sai siffofi uku da ake cakuɗawa. *Motivated* tana siffanta wanda ke jin ƙwarin gwiwar. *Motivating* tana siffanta abin da ke bayar da shi. *Motivational* kuma tana siffanta abin da aka shirya musamman don zaburarwa, kamar lacca ko littafi. Saboda haka wanda ya ce *I am very motivating* alhali yana nufin shi ne ke da himma, abin da ya faɗa shi ne yana zaburar da mutane. Irin kuskuren nan ne na mai cewa *I am boring* da nufin ya gaji da zama, bai san ya kira kansa mutum mai gundura ba.

Kishiyar tana da fuska biyu. *Unmotivated* shi ne wanda ba shi da karsashi, ko da ma bai taɓa samu ba. *Demotivated* shi ne wanda yake da shi aka kashe masa, irin malamin da ya shiga aji da zafinsa aka yi wata uku ba a biya shi albashi ba.

Ana sa mata *a* a gaba, ko a yi jam'inta?

Ya danganta da ma'anar. In ƙarfin zuciya ake nufi, ba a ƙirga ta, don haka *I need motivation* ake cewa ko *some motivation*, ba *I need a motivation* ba. In dalili ake nufi, ana ƙirgawa: *Money was a strong motivation*, ko *People have different motivations for migrating*, wato kowa da abin da ya fitar da shi daga gida.

Mene ne bambancinta da *motive*?

A ma'anar dalili suna haɗuwa, har wani lokaci a iya musanya su. Amma *motive* ta fi zama a wurin da ake bincike ko zargi. 'Yan sanda na neman *the motive for the murder*, abin da ya sa aka yi kisan. Idan aka ce mutum yana da *ulterior motive*, Bahaushe zai ce akwai lauje cikin naɗi, alherin da ya nuna yana da wata manufa a ɓoye. *Motive* kuma ba ta ɗaukar ma'anar karsashi ko kaɗan: ba a cewa *I have no motive today* da nufin yau jikina ya mutu.

Ɗaliban shari'a su lura da wani bambancin. A dokar manyan laifuka ta tsarin Ingila, wadda Najeriya ta gada, *motive* daban, *intention* daban. Abin da mai gabatar da ƙara yake da nauyin tabbatarwa shi ne cewa wanda ake tuhuma ya yi nufin aikata laifin. Dalilin da ya kai shi, ko kishi ne ko gado ko gaba, yana taimakawa wajen gamsar da alƙali, amma a ƙa'ida ba sharaɗi ba ne.

To niyya fa? Ba ita ce *motivation* ba?

A zancen yau da kullum, niyya ta fi dacewa da *intention*. "Ina da niyyar zuwa Zariya gobe" magana ce kan abin da mutum ya ƙudurta, ba kan abin da zai kai shi ba. Amma a wurin malaman addini niyya ta fi haka faɗi. Idan suna bayanin hadisin nan da ke cewa ayyuka suna tare da niyya, suna tambayar don wa aka yi aikin: don Allah ne ko don a gani a yaba. Wannan ɓangare, inda ake maganar ikhlasi da riya, shi ne ya zo kusa da *motive* da *motivation*. Mai fassara wa'azi zuwa Turanci sai ya duba wanne ɓangaren malamin yake nufi.

Ya take da *inspiration*, *encouragement*, *incentive* da *morale*?

*Inspiration* ita ce abin da ya haska maka tunani ko ya burge ka har ka ji kana son yin koyi. Za ka iya samunta ka kwana da ita ba ka ɗaga ko tsinke ba. *Encouragement* daga wani take zuwa, kalma ce ko taimako da ke cewa kada ka karaya. *Incentive* lada ce da aka ajiye a fili don a ja hankalinka, kamar alawus, kamasho ko ragin haraji. *Morale* kuwa yanayin zuciyar jama'a ne a dunƙule, shi ya sa aka fi jin ta a maganar sojoji, 'yan ƙwallo da ma'aikata. Duk huɗun suna iya haifar da *motivation*, amma babu wadda ita ce kanta.

Mene ne *intrinsic* da *extrinsic motivation* da ake yawan tambaya a jarrabawa?

*Intrinsic* ita ce wadda ke fitowa daga cikin aikin kansa: kana yi don kana jin daɗinsa, ko don yana ba ka sha'awa. *Extrinsic* ita ce wadda ke zuwa daga waje: kuɗi, maki, yabo, ko tsoron bulala.

Wanda ya taɓa ganin gayya a ƙauye ya ga duka biyun a gona ɗaya. Samari sun jera da garma, kowa ya kama kunyarsa, makaɗa na biye da su da gangar noma. Akwai fura da tuwo da mai gona ya tanada, akwai 'yan mata a bakin gona suna kallon wanda zai riga kaiwa ƙarshe. Makaɗi ya kama kirarin wani saurayi, ya ambaci ubansa da kakansa, sai ka ga ya tsima, ya sunkuya yana zubar da ƙasa kamar ba shi ne ya gaji ɗazu ba. Furar da kallon da kirarin duk daga waje suke. Amma a cikin jerin nan akwai wanda gobe, shi kaɗai a gonarsa, ba ganga ba mai kallo, zai tsaya ya daidaita kunyar da ta karkace don kawai ba ya son ganin aikinsa a karkace. Wannan ita ce ta ciki.

Abin da ya ba masana mamaki shi ne ta waje tana iya cinye ta ciki. A wani bincike da ya wallafa a 1971, masanin halayyar ɗan Adam Edward Deci ya ba ɗaliban jami'a a Amurka wani wasan harhaɗa 'yan guntaye mai sa tunani. Wasu ya biya su dala ɗaya kan kowane da suka warware, wasu bai biya ba. Da aka daina biya, waɗanda suka saba karɓar kuɗi sai suka rage taɓa wasan a lokacin hutu. A wani binciken da aka wallafa a 1973, Mark Lepper, David Greene da Richard Nisbett sun gwada makamancin haka da yaran wata makarantar reno a jami'ar Stanford, yara masu son zane da ma. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo kafin su zana, bayan kwanaki sai aka ga sun rage yin zanen don kansu. Waɗanda aka ba su ba zato, sha'awarsu ba ta ragu ba.

Daga irin wannan bincike Deci da abokin aikinsa Richard Ryan suka gina ra'ayinsu, wanda suka fitar a dunƙule a 1985, cewa himmar ciki tana tsayuwa ne a kan abu uku: mutum ya ji yana da zaɓi, ya ji ya iya, ya kuma ji yana tare da mutanen da suka damu da shi. Kada dai wani mai gida ya karanta wannan ya ce ya samu hujjar ƙin biyan yaran shagonsa. Binciken a kan abin da mutum yake so tun asali aka yi shi, ba a kan haƙƙin ma'aikaci ba.

Su wane ne sauran masanan da ake haɗa sunansu da kalmar?

Ɗaliban kwalejojin ilimi da na sashen kasuwanci ba sa tsira daga Abraham Maslow. A 1943 ya wallafa maƙalarsa mai suna *A Theory of Human Motivation*, inda ya jera buƙatun ɗan Adam hawa biyar: buƙatun jiki kamar ci da sha da barci, sai tsaro, sai ƙauna da zama cikin jama'a, sai daraja, sai kuma mutum ya kai iyakar abin da zai iya zama. Zanen dala mai hawa-hawa da ake sa wa ɗalibai su kwafa ba Maslow ne ya zana shi ba, wasu ne suka ƙirƙira daga baya. An kuma soki jerin da cewa rayuwa ba ta bin sa sau da ƙafa. Muna ganin mutumin da zai kwana da yunwa don ya fita kunyar biki ko ya kare mutuncin gidansu.

Frederick Herzberg a 1959, bayan hira da injiniyoyi da akantoci a yankin Pittsburgh, ya ce abin da ke hana ma'aikaci ƙorafi daban, abin da ke sa shi himma daban. Albashi da yanayin wurin aiki in sun lalace suna kawo ɓacin rai, amma gyara su kaɗai ba ya sa mutum ya ƙaunaci aikin. Victor Vroom a 1964 ya ce mutum yana zage damtse ne in ya yarda ƙoƙarinsa zai haifar da sakamako, sakamakon zai kawo lada, ladan kuma abin da yake so ne.

Ga masu koyon harshe akwai Robert Gardner da Wallace Lambert, waɗanda tun 1959 suka yi nazarin ɗalibai masu koyon Faransanci a Montreal ta Kanada. Su ne suka bambanta mai koyon harshe don ya ci jarrabawa ko ya samu aiki da mai koyo don yana son shiga cikin masu harshen.

An ce in rubuta *motivation letter*. Me ake so in rubuta?

A nan ma'anar farko ce ke aiki, wato dalili. Ba wasiƙar ƙarfafa gwiwa ake nema ba, kuma ba wurin zuba kalaman hikima ba ne. Masu karɓar takardu suna so ka gaya musu me ya sa kake neman wannan kwas ɗin, me ya sa a wannan jami'ar, me ka riga ka yi da ke nuna da gaske kake, sannan me za ka yi da ilimin in ka gama.

Sunan ya fi yawa a nahiyar Turai. Hukumar DAAD ta Jamus, shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai da Stipendium Hungaricum na Hungary duk masu ba da tallafin karatu ne, kuma suna neman irin wannan wasiƙa. A Ingila an fi cewa *personal statement*, a Amurka kuma *statement of purpose*. 'Yan uwanmu na Nijar, Chadi da Kamaru sun san ta da sunanta na Faransanci, *lettre de motivation*, kuma a can ko aiki za ka nema sai ka haɗa ta da takardar tarihin karatu da aikinka. A Najeriya da Ghana wadda ake haɗawa da neman aiki *cover letter* ko *application letter* ake kiranta.

Ga yadda yawancin wasiƙun ke farawa: *Since my childhood I have always been passionate about agriculture.* Mai tantancewa ya karanta irin wannan jimlar har ta gundure shi, kuma ba ta gaya masa komai a kanka ba. Kwatanta da wanda ya fara da cewa ya taso a yankin Kadawa ta jihar Kano, inda kowace kakar tumatir yake ganin kwanduna jere a bakin titi suna ruɓewa saboda farashi ya faɗi kuma babu wurin adanawa, ya yi aikinsa na kammala digiri kan busar da tumatir da hasken rana, yanzu yana son ya koyi fasahar sarrafa abinci don ya san abin da ya hana nasa gwajin yin nisa. Wannan bai ambaci kalmar *motivation* ko sau ɗaya ba, amma ita ya nuna daga farko har ƙarshe.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Ka bi iyakar tsawon da aka gindaya, in ba a faɗa ba shafi ɗaya zuwa biyu ya isa. Kada ka mai da ita wasiƙar roƙo mai cike da labarin talauci. Kada ka aika wasiƙa ɗaya ga jami'o'i goma ka manta ba ka canza sunan ta farko ba, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato. Kuma kada ka kwafo ta intanet, don waɗanda ka kwafo daga wurinsu wasu dubbai sun riga ka.

A ganawar ɗaukar aiki in aka ce *What motivates you?*, me zan ce?

Suna so su san wane ɓangaren aiki ne ke sa ka himma, don su ga ko akwai shi a aikin da kake nema. Ka zaɓi abu ɗaya na gaskiya, ka kawo misalin lokacin da ka yi shi. Mai neman aikin jinya zai iya cewa ganin majiyyaci ya tashi da ƙafarsa, ya kuma ba da labarin wani da ya kula da shi ba tare da ambaton suna ba. Kowa ya san albashi ne ya fito da kai daga gida, har da mai tambayar, amma in shi kaɗai ka ambata za a ɗauka ranar da wani ya ƙara maka naira dubu biyar za ka tafi. Kalmar *self-motivated* da ake gani a tallan aiki kuma tana nufin wanda ba sai an tsaya a kansa ba.

Me ake nufi da *politically motivated* a labarai?

Ana nufin siyasa ce ta haddasa abin, ba dalilin da aka bayyana ba. In ɗan siyasa ya ce tuhumar da ake masa *politically motivated* ce, a Hausa cewa yake akwai siyasa a ciki, ko bi-ta-da-ƙulli ake masa. Haka *racially motivated attack* hari ne na ƙiyayyar launin fata, *financially motivated* kuma abin da aka yi don kuɗi. Ko kusa babu maganar ƙwarin gwiwa a nan.

Wane ne *motivational speaker*, kuma maganarsu tana aiki?

Shi ne wanda ya mai da zaburar da mutane sana'a, yana lacca a taruka ko yana sakin bidiyo a YouTube, TikTok da Facebook. Sana'ar ta fi bunƙasa a Amurka kafin ta bazu duniya. A Najeriya ta yi kasuwa har ta zama abin barkwanci, matasa na kwaikwayon masu jera kalmomin Turanci masu amo ɗaya waɗanda in ka tsaya ka auna ba ka samun komai a ciki.

A ganina laifin ba na zaburarwa ba ne, don magana mai daɗi tana tayar da wanda ya karaya. Matsalar ita ce zafin da lacca ke sawa ba ya daɗewa, kuma da yawa daga masu yin ta suna ba da rabin labari. Wanda ya ce da kaza ɗaya ya fara har ya mallaki gidan gona ba ya faɗin kawun da ya ba shi fili ko bankin da ya ba shi rance. Wata illar ita ce yadda ake ɗora wa matashi laifin komai, a ce rashin himma ne ya hana shi ci gaba, alhali ba wuta, ba jari, ba hanyar kai kaya kasuwa. Wannan kasuwa ce ta sa mutane da dama suka ɗauka ma'anar *motivation* ita ce kalaman da ake turawa da safe, har ɗalibi ya cika wasiƙarsa ta neman karatu da su.

Idan aka ce mutum yana da *lack of motivation*, lalaci ake nufi?

Ba lallai ba. Lalaci *laziness* ne, kuma zargi ne. *Lack of motivation* bayani ne kawai cewa karsashi ya yi ƙasa, bai faɗi dalili ba. Yana iya zama gajiya, rashin barci, aikin da mutum bai ga amfaninsa ba, ko ciwo kamar ƙarancin jini. Likitoci kuma suna lissafa shi cikin alamomin ciwon damuwa. In mutum ya kai mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin abin da ya saba so, barcinsa da cin abincinsa sun canza, yana ƙin shiga mutane, asibiti ya kamata a kai shi, ba a yi ta masa faɗa ko a tura masa bidiyo ba.

Ma'anarta ɗaya ce a duk ƙasashe?

Akwai wuraren da ta ɗauki wani launi. A Turancin Afirka ta Kudu, in shugabanka a ofis ya ce *Please motivate your request*, yana nufin ka kawo hujjojin buƙatarka a rubuce, takardar da ka rubuta kuma ita ce *motivation*. Baƙo daga Ingila ko Najeriya yakan yi turus in ya fara jin haka. A Faransanci ma akwai wannan ma'ana, musamman a harshen kotu da na gwamnati: *décision motivée* hukunci ne da aka bayyana dalilansa, don haka mai fassara takardun Nijar kada ya ce hukunci mai ƙwarin gwiwa.

A Faransancin titi na Kamaru kuwa, in wani ya ce a ba shi *motivation* kafin ya duba takardarka, ba lacca yake jira ba. Na goro yake nema.